Saniyar da ba ta jin Hausa

Kakata Ba'indiya ce, kuma na gaji da masu dariya in na faɗa. Mijinta ya zo koyar da lissafi a sakandare, ya rasu a Ƙaraye, a nan aka binne shi. Ita ta ƙi komawa, don 'yarta tilo, wato mahaifiyata, ta auri wani tela a Unguwar Hajji. Ina da shekara shida Umma ta rasu, na koma ɗakin kaka. Unguwa na ce mata Hajiya Ba'indiya. Ni ta ce in kira ta Ummumma, yadda ake kiran kaka a garinsu.

Bayan magariba takan zauna gaban murhu tana gasa wata gurasar shinkafa, fara, siririya kamar takarda. Ni da 'ya'yan baffana mu kewaye ta, hayaƙi na shiga mana ido. Ba ta buɗe tatsuniya irin ta matan unguwa. Ƙwanƙwasa kasko take da cokali, kowa ya yi shiru. Hausarta a karkace take, namiji ta ce masa ke, mu ƙunshe dariya, ita ko a jikinta.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wata amarya da aka kai hayin kogi tare da saniyarta. Saniyar ba ta ba da nono sai an yi mata waƙar garinsu. Da matar ta tsufa ta ce wa 'yarta ta zo ta koyi waƙar, 'yar ta ce aiki ya yi mata yawa, sai gobe. Ana ta gobe har matar ta mutu. Saniya ta tsaya hantsa cike, tana kuka, ko ɗigo ta hana. Aka kawo dusa, aka kawo kanwa, aka kira mawaƙan gari, a banza. Sai jikar matar, wadda takan zauna gefe ana tatsa, ta tuno rabin waƙar. Saniya ta ba da rabin ƙwarya.

A nan Ummumma take rera waƙar da yarensu, kuma ba mai cin gurasa sai ya maimaita. Ni ba ni da wannan haƙurin. In yi guna-guni a baki, in wafce rabona. Ran nan na ce mata su kai saniyar kasuwar Rogo mana, su sayo mai jin Hausa.

Ta nuna ni da cokali ta ce, “Kai yarinya, bakinka ya fi kanka sauri. Saniyar uwarka ce, za ka sayar?”

Shekara uku da suka wuce ɓarin jikinta ya shanye. Hausa ta gudu daga bakinta, Turanci ma haka, sai yaren garinsu kaɗai. Magana ɗaya take ta nanatawa tana kallona. Na kawo ruwa, ta kau da kai. Na kawo koko, carbi, bargo. Hawaye kawai.

Aka ce a kira Yaya Sabi'u, ɗan gwaggona na Fulatan, wanda ba fim ɗin Indiya da bai gani ba. Ya zo a babur yana baza riga, ya durƙusa ya zuba mata gaisuwar fim. Ta dube shi, ta juya ga bango. Ya kasa kunne ga maganar tata, ya miƙe ya ce wallahi wannan ba Indiyanci ba ne, ciwo ne ya hargitsa mata harshe. Duk gidan suka yarda. Ni ban yarda ba, don sautin irin na waƙar saniya ne sak.

Na ɗauki muryarta a waya, na hau mota zuwa Kano. Ba'indiyen da na fara samu a wani kanti ya saurara ya ce shi ma bai ji ba. Ashe Indiya ba yare ɗaya ba ne. Mu duk a zatonmu na fim shi ke nan. Ya ce wannan na can kudu ne, Malayalam, ya yi mini kwatancen wata nas 'yar yankin, amma ta yi tafiya sai wani mako. Kafin ta dawo mun binne Ummumma.

Duk da haka na koma. Nas ɗin ta saurara sau ɗaya ta ce, “Cewa take, 'yata, shafa mini mai a kai.”

Kwalbar man kwakwar tana kan taga, taku uku daga gadonta. Kwana tara ta yi tana roƙona.

Da ina ɗauka tatsuniyar gorin malalata ce. Yanzu na gane ba asarar nonon ce ta dami Ummumma ba. Tausayin saniyar take ji, wadda ke tsaye cikin mutanen da suke son ta, ba mai jin ta.

Yanzu duk Asabar nas ɗin tana koya mini yaren ta waya, ina rubutawa a littafi. Harshena na karyewa, tana dariya, ina sakewa. Abin da na samu ranar, shi nake juye wa 'yata Rumaisa da yamma. Babanta ya tambaye ni da wa za ta yi yaren a Ƙaraye, da awaki? Na ce da ni. In ta nemi ƙuli-ƙuli da Hausa sai in yi kamar ban ji ba. Ta yi ta kuka, surukata ta ce wannan mugunta ce. Gara ta yi kukan. Ita dai na san abin da take nema.