Mama Monica Mai Ƙwan Taga

Tun kafin shagunan unguwar Lozells ta Birmingham su buɗe, Mama Monica Choji ta riga ta tsaya jiran bas, ta nufi kicin ɗin makarantar firamaren da ta yi shekara da shekaru tana dafa wa yara abinci. Wannan na albashi ne. Aikin da unguwa ta san ta da shi kuwa sai sanyi ya ja baya, Ista ta matso, yake tashi. Da ta dawo da la'asar sai ta zauna da allura, ta huda ƙwai sama da ƙasa, ta hure cikinsa a kwano, ta wanke ɓawon ta shanya. Mijinta, Baba Nyam, ya daɗe da sallama teburin cin abinci. A cinya yake ci, abincin kuma ba ya wuce wainar ƙwai.

"In kuka ji na fara cara da asuba, kada ku yi mamaki," in ji shi.

Ba ta sayen fenti. Ɓawon albasa ke ba ta ja, kurkum ya ba ta rawaya. Shekarar farko ta dafa zoɓo da yaƙinin jajawur za ta samu, sai ga ƙwai ya fito toka-toka. Ta dube shi, ta dubi sararin samaniyar Birmingham shi ma toka-toka, ta ce ai ɗan gari ne, ta rataye abinta. A kan kowane ƙwai takan yi zane irin na bayan ƙwarya da ta koya wurin kakarta a Filato, ta jera su a busasshen reshe cikin tagar falo.

Duk jaririn da aka haifa wa mutanen gida, a coci aka raɗa masa suna ko rago aka yanka, yana da ƙwai da sunansa a tagar nan. Maƙwabciyarta Hajiya Maimuna shaida ce. Ta haifi Hafsa a unguwar Edgbaston ba uwa kusa, ba dangi. Monica ce ta yi ta jigilar kunun gyaɗa. Da Ista ta zo, sai ga sunan Hafsa yana lilo a taga.

"Na ce mata, Maman Bethany, mu fa ba ma Ista," in ji Hajiya. "Ta ce, 'Na sani. Ai ba Ista na ba ta ba, wuri na ba ta a gidana.'"

Ke ce uwar marasa uwa a ƙasar sanyi, Mama Monica. Ke ce kika sa yaron da malamai ke karya wa suna a makaranta ya gan shi a rubuce daidai, inda duk mai wucewa zai karanta.

Bana ciwon gaɓoɓi ya kama mata yatsu, allura ta gagara, ta ajiye aiki. 'Yarta Bethany, mai aikin jinya a Oxford Road, ta ce su komo Manchester kusa da ita.

"Amma Mama, flat ɗin ƙarami ne, babu space ɗin kwalayen ƙwan nan," in ji Bethany.

Sai Mama ta aika saƙo: Asabar kafin Ista, kowa ya zo ya karɓi nasa. A fili tana dariya, a ciki tsoro ya cika ta. Yaran sun girma sun watse. Wa zai hau jirgi saboda ɓawon ƙwai? Har baƙar ledar shara ta ɓoye ƙarƙashin tebur, don abin da zai rage.

Har azahar ƙofa shiru. Sai aka ƙwanƙwasa, aka sake ƙwanƙwasawa, kafin la'asar takalma sun cika baranda. Ƙarti masu gemu suna riƙe da ɓawon ƙwai da hannu bibbiyu, suna gardamar na wa ya fi kyau. Mama ta yi kuka, ba ta ɓoye ba.

Hafsa ce ta ƙarshe, daga Manchester, da jaririnta Umair a kafaɗa. Ta karɓi nata, ta tsaya.

"Mama, ina na Umair? Wallahi it's not fair."

Mama ta buɗe mata yatsunta da suka kumbura. Hafsa ta dube su, ta miƙa wa Baba Nyam yaron, ta ja kujera ta ɗauki allura.

"To, ki nuna min."

Ta fasa na farko, ta fasa na gaba, Mama tana faɗa tana dariya: "A hankali, 'yar nan, ba allurar asibiti ba ce!" Sai da magariba ta kawo jiki aka samu guda lafiyayye, zanen a karkace, sunan daidai. Ranar ƙaura, reshen ya shiga mota zuwa Manchester da ƙwai ɗaya a jikinsa, na Umair.

Mun gode, Mama Monica. Allah ya sassauta ciwon, ya ƙara kwana mai albarka. Mu kuma da muke da taga da yatsu lafiya, mu leƙa maƙwabta: akwai ɗan da har yau ba wanda ya ba shi wuri a gidansa.