Goggo Ginka da Takun Farko

Ƙarfe shida da rabi Goggo Ginka take buɗe gidan renon yara na unguwarmu a garin Karlovo na ƙasar Bulgeriya. Takan ɗora madara a wuta, sannan ta durƙusa ta bi shimfiɗa da tafin hannu, ko wani maɓalli ya faɗi, kada yaro ya haɗiye. Shekara talatin da huɗu tana haka. Juma'ar da ta wuce ta ajiye aiki.

A duk shekarun nan ba a taɓa jin yaro ya fara tafiya a hannunta ba.

Radka, wadda ke aiki a masaƙa, ta waya aka gaya mata ɗanta na fari ya taka a wani gidan renon daban, ta shiga banɗakin ma'aikata ta yi kuka. Da ta haifi Zlatina sai ta rantse wannan karon da idonta za ta gani. Kullum ta zo ɗaukarta a wurin Goggo, tambayar ɗaya ce.

"Goggo, ta taka?"

"Wa? Wannan malalaciyar? Rarrafe dai da cin tuffa."

Wata Laraba Goggo ta miƙo mata yarinyar ta ce, "Yau tukunya ta jira. In kin je gida ki zauna a ƙasa."

Radka ta zauna. Zlatina ta saki ƙafar tebur, ta yi taku uku, ta faɗa jikinta. Ran Lahadi, bisa al'adar garin, aka gasa zagayayyen burodin fara tafiya, aka mirgina shi a kan farin zane, yarinya ta bi shi tana tangaɗi, maƙwabta na tafi. Radka ta shekara ashirin tana ba da labarin taku ukun nan.

A walimar sallamar Goggo iyaye suka yi ta tuna baya. Wannan ta ce nata a kicin ya taka, waccan ta ce a tsakar gida, duk da yamma. Mijin Radka, Stoyko, ya yi dariya.

"Kai, yaran unguwar nan akwai ladabi! Ba mai tafiya sai an tashi daga aiki."

Ba wanda ya taya shi dariyar. Radka ta ajiye kofinta.

"Goggo, tsakaninki da Allah, wa ya fara ganin Zlatina ta taka?"

Goggo ba ta daina yanka kek ba. "Ni share majina aka ɗauke ni. Ke nawa kika gani?"

"Uku."

"To, uku ne."

Penka mai girki ce ta faɗa daga baya. Ta ce da zarar yaro ya saki bango, sai Goggo ta sa ƙaramar ma'aikaciya ta tsaya kusa da shi, ita kuma ta juya ta fuskanci taga, har sai ta ji ya zauna daɓas.

Ke ce, Goggo, kika yi shekara talatin da huɗu kina juya wa abin da ya fi daɗi a aikinki baya, don wata uwa ta same shi sabo da yamma. Mun gode. Masu karɓar makullin gidan nan, ku koyi bin shimfiɗa da hannu, ku kuma san inda tagar take.

Radka dai har yanzu uku take cewa.