Ranar da Hikima ta Yanka Leshi

Hikima 'yar unguwar Dawaki ce, ɗiyar Bamanga dillalin shanu. Ta gama sakandare da sakamakon da ba zai kai ta ko'ina ba, sai uwarta ta kama hannunta ta kai ta Babbar Kasuwar Gombe, shagon Madam Joan, ta ce a koya mata ɗinki. Madam mutuniyar Kaltungo ce, doguwa, mai faɗa, kuma a lokacin duk matar da ke ji da kanta a garin nan wurinta take kai kaya.

Ƙa'idar shagon irin ta kowane shagon tela ce: mai shago ke yanka, ma'aikata su ɗinka. Waɗansu suka zo suka koyi rabi, suka fice suka buɗe nasu. Hikima ta zauna. A nan ta yi aure, a nan ta yi goyo. Ɗinkinta ba ya karkacewa, maɓallinta ba ya cirewa, amma da ta ga almakashi kusa da kayan mutane sai ta ja da baya. Hujjarta ɗaya ce: ɗinki in ya ɓaci ana warwarewa, yanka kuwa in ya ɓaci ya tafi ke nan.

Da ciwon gwiwa ya zaunar da Madam a gidanta na Bolari, mijin Hikima, Uzairu, ya kwashe buhunan wake daga zaurensu na Kagarawal, ya shafe shi da fenti, ya kafa mata keken ɗinki. Mata suka fara zuwa. Ta zama mai shagon kanta, amma da saura. Za ta auna mace, ta shimfiɗa yadi, ta zana da alli, sannan ta naɗe ta tare napep zuwa Bolari. Madam ta yanka, ita ta dawo ta ɗinka. Kayan 'ya'yanta kaɗai take yankawa da hannunta. Uzairu ya yi magana har ya gaji ya bari.

Ana haka Hajiya Batul ta shigo da leshi. Hajiya ce babbar mace a layin, kuma duk abin da ta yaba ko ta kushe kafin la'asar ya zaga Kagarawal. Za ta aurar da autarta, leshin kuma ɗanta ne ya aiko mata daga Dubai, ruwan zuma, da duwatsu jere a bakinsa.

"Duba da kyau," in ji Hajiya. "Babu irinsa a Gombe, na sa an bincika. Doguwar riga nake so, duwatsun nan su sauka a ƙasa da bakin hannu. In kika ɓata mini shi, ni da ke sai a lahira."

"In sha Allahu ba za a ɓata ba, Hajiya."

Washegari da hantsi Hikima ta isa Bolari da leshin a leda. Ta tarar da Madam a kan tabarma ƙarƙashin mangwaro, an rufe mata ido ɗaya da auduga. Ashe an yi mata aikin yanar ido.

"Sannu, Mama. Ba a faɗa mini ba."

"Da an faɗa miki me za ki yi, ke likita ce? Mene ne a ledar?"

Hikima ta buɗe ledar. Madam ta miƙa hannu ta shafa leshin, ta bi duwatsun da yatsa, ta yi tsaki.

"Wannan kika kawo wa makauniya? Ɗayan idon ma hayaƙi yake gani. In na taɓa shi, tsumma za ki mayar wa mai shi."

"To zan jira ki warke."

"Yaushe ne bikin?"

"Sati mai zuwa."

"Ashe amarya ma za ta jira ni." Madam ta yi dariya har ta dafe audugar. Sai ta daina. "Zauna, Hikima. Duk kayan da kike kawo mini, wa ke zana su?"

"Ni ce, amma ke kike dubawa."

"Ina duba me? Tun muna kasuwa na daina gyara allinki. Layinki nake bi, kamar yadda akuya ke bin mai dusa. Ina karɓa ne don in ba haka ba ba za ki zo ba, ni kuma zaman gidan nan ya ishe ni. Shiga ɗaki, almakashina yana kan talabijin."

Hikima ba ta ji daɗin maganar ba. Ta ji kamar an janye mata bangon da take jingina. Amma babu wani wurin zuwa, kuma in ta mayar wa Hajiya leshi ba a taɓa ba, gara ta rufe zauren a mayar da wake.

Ta shimfiɗa shi a kan tabarma, ta sake aunawa, ta sake. Madam ta ce in ta ƙara aunawa sau ɗaya za ta kwaɗa mata sanda. Hikima ta goge hannu a zaninta, ta yi bisimilla, ta sa almakashi. Ƙarar farko ta ji ta har cikin haƙoranta. Madam ta juya mata baya, tana ba ta labarin jikanta Titus da ya ƙi makaranta, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. Da aka zo hammata almakashin ya ɗan kauce wa layin alli, ta tsaya, ta numfasa, ta ci gaba. Kafin azahar leshin ya zama gaba da baya da hannaye biyu.

"Na gama, Mama."

"To kwashe ki tafi. Ran Asabar ki dawo ba leda. In kin ga dama ki riƙo mini ƙosai."

Ranar gwaji Hajiya Batul ta zo da ƙanwarta, wadda aka ɗauko musamman don neman aibu. Hajiya ta zura rigar. Duwatsun suka sauka daidai idon sawu. Sai ta ɗaga hannu ta ɓata rai.

"Nan ya kama ni."

Hikima ta zagaya ta duba. Gaskiya ne, hammatar dama ta matse, daidai inda almakashin ya kauce mata. Ta jira faɗuwar gaban da ta saba ji, ba ta zo ba. Abin da ta gani kawai ɗinki ne da ke son a sassauta shi, kuma ta bar rara a ciki.

"Ni na matse shi, Hajiya. Cire ki zauna, yanzu zan buɗe."

"Buɗuwa zai yi?"

"Zai yi."

Ta warware, ta hau keke. Ƙanwar Hajiya ta tsaya a kanta tana kallo. Da Hajiya ta sake sawa, ta ɗaga hannu sama, ta sauke, ta juya gaban madubi. Ba ta yaba ba, ba halinta ba ne. Ta dai ce wa ƙanwarta gobe ta kawo nata.

Hikima ta ɗauko tef ɗin awo ta ce wa ƙanwar Hajiya, "Tunda kina nan, Goggo, ɗaga hannunki."