Tun da Aka Rage Mini Tumbi

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba wani abu ya haɗa mu ba, haka ake yi a wajenmu can Taloka: uwa tana jin kunyar ɗanta na fari, ba ta ambatar sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta kallonsa ido cikin ido. Ana yaye ni aka miƙa ni Rabah wurin Gwaggo, yayar marigayi babanmu, ita ta riƙe ni har ta aurar da ni Wurno. In na je gida, Inna tana iya tsayawa dab da ni ta ɗaga murya ta ce, "A ce ma waccan ta jawo tabarma, rana ta ishe ta." In babu kowa a tsakar gida sai ta faɗa wa kaji, ni kuma in ja tabarmar.

Amma fa tana da hanyarta ta yi mini magana. Kafin in cire mayafi an dire mini fura mai kauri da nono, kafin in sauke numfashi ga tuwon shinkafa man shanu yana yawo a kan miya, ga kifin madatsar ruwan Goronyo wanda ta sa aka zaɓo mata tun da safe. Za ta ajiye kwanon ta juya da sauri kamar an kira ta. Sai an mayar da shi madafa take buɗewa ta leƙa. In ta ga na share shi tas, ranar har maƙwabta sai sun san Inna tana cikin nishaɗi. Ni kuwa ban taɓa ba ta kunya ba, ina ci kamar an biya ni. Jikin nan nawa da ya cika ƙofa, ita tana ganinsa aikin hannunta ne, kuma shaida ce cewa gidan miji ya karɓe ni.

Jikin ne dai ya zo ya fi ƙarfina. Gwiwoyina suka fara, suga ya biyo baya, hawan jini ya ce shi ma ba a bar shi a baya ba. A makarantar firamaren da nake koyarwa na koma darasi a zaune, salla ma a kan kujera nake yinta. Maigidana, manomin albasa da tafarnuwa ne, mutum mai tsokana, ya ce minsharina ya fi injin ban ruwa, amma ranar da ya ga numfashina yana ɗaukewa cikin barci bai yi dariya ba. Likitan da nake gani a Sakkwato ne ya fara kawo maganar aikin rage tumbi. Muka yi ta juya ta, muka yi istihara, daga ƙarshe muka tafi wani asibiti a Abuja. Suka huda cikin wuri-wuri, suka yanke mafi yawan tumbin suka ɗinke, abin da suka bar mini bai wuce girman ayaba ba.

Kunyar nan ba gefe ɗaya take ba, ni ma ba na iya zama in yi wa Inna dogon bayani a kan jikina. Gwaggo aka ba saƙon, saƙon kuma ya isa Taloka a gajarce: an yi wa waccan aikin ciki, an samu sauƙi.

Makonnin farko ruwa-ruwa ne abincina. Romo tsararo, sai kunu wanda ko jariri zai raina, shi ma da cokali, kurɓi ɗaya in huta. Ni da nake tashi da malmala uku ban ji komai ba, sai ga ni zaune gaban ɗan kofin shayi ina lallashinsa. Abin mamakin shi ne ba na jin yunwa. Idona ne kawai bai samu labari ba, shi yana nan yana kwaɗayin duk abin da ya gifta. Masu dubiya kuwa ba su taimaka ba, kowace ta shigo da langa a lulluɓe, wannan masa, wannan dambu, wannan farfesun kayan ciki, ga lemon kwalba wanda aka ce ko kallonsa kada in yi. In na ce ba zan iya ba sai su ce, "Haba Malama, ki daure, mara lahiya ai da ci shika tashi."

Daga baya aka sake mini mara kaɗan: ƙwai, kifi, wake mai laushi, da ƙwayoyin ƙarin jini da aka ce ni da su har abada. A ci a hankali, a tauna har ya zama kamar kunu, kada a kora da ruwa sai an jima. Jiki ya fara zubewa. Zanin da da ƙyar yake haɗuwa ya koma yana zagaye ni har da saura. Tela ya rage rigunana, ya sake ragewa, a karo na uku ya ce in ji tsoron Allah in sayi sabon yadi. Gashi ya yi ta bin mataji har mai kitso ta fara yi mini jaje. Na fara jin sanyi, ni da fanka ba ta isata. A unguwa kuwa kowa ya zama likita, wasu suka ce sammu ne, wasu suka rage murya suka ce ciwon nan ne da ba a faɗin sunansa. Wata tsohuwa har sassaƙe ta kawo mini. Na karɓa na yi godiya, na taka da ƙafata har bakin titi na raka ta, abin da na yi shekaru ban yi ba.

Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ke cina a rai ɗaya ne, ƙwaryar Inna. Duk ranar kasuwar Goronyo sai mai mota ya tsaya ƙofar gidanmu da saƙo: dunƙulen fura cike da ƙwarya, man shanu a kwalba, bandar kifi a ƙunshe. Ni na san me ƙwaryar take cewa. Tambaya ce, ya jiki, da duk sauran abin da ba za ta taɓa faɗa da baki ba. Ga shi ba ni da wurin zuba amsar. Maigida ya ce ba a wulaƙanta kyautar surukuwa, ya ɗauki nauyin abin da zuciya ɗaya. Ni ina ramewa, shi yana sheƙi. In wanke ƙwaryar, in sa sabulu da goro a ciki, mai mota ya mayar. Can Taloka Inna ta buɗe ta ga babu sauran fura, hankalinta ya kwanta, waccan tana ci.

Da likita ya yarda in yi tafiya, Gwaggo ta zo daga Rabah muka kama hanya tare. Lokacin da muka isa, Inna tana sussuka a tsakar gida. Gwaggo ta tsaya gaisawa da mutanen zaure, ni na riga ta shiga na yi sallama. Inna ta ɗago ta dube ni tsaf a fuska, da murmushinta, ta ce, "Maraba da baƙuwa, daga ina?" Tunda nake ban taɓa ganin idonta a kaina haka ba. Ashe fuskar da take yi wa baƙi kenan, kyakkyawa da ita. Na ce, "Inna, ni ta." Murmushin ya tsaya cak. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta jingine taɓaryar a hankali, ta shige madafa.

Abin da ya fito daga madafar nan ranar ya isa masu gayya. Ta dire ta juya. Na wanke hannu na gutsiri tuwon kaɗan-kaɗan, na tsinci kifin, kafin wani lokaci na ji na cika har wuya. Na dubi kwanon, ko alamar an taɓa babu. Na san ƙa'ida, na kuma san abin da ke biyo bayan karya ta, amma na tuna za a buɗe kwanon nan a leƙa, sai na ƙara loma guda mai ɗan girma. Nan take ta tsaya mini a ƙirji kamar dutse, yawu ya cika mini baki, na tashi da gudu na yi makewayi. Gidan ba shi da girma, babu abin da Inna ba ta ji ba.

Da na dawo tana tsaye bakin madafa da kwanon a hannu, ta ba ni baya. Ta ce da Gwaggo, "Yaya, tambaye ta mi niy yi mata."

Gwaggo ba ta da haƙurin dogon bayani. Ta ɗauko ƙwarya da hannu ɗaya, ludayi da ɗayan, ta ɗaga su. "Da cikinta wagga ƙwarya ta. Yanzu ga shi nan, ludayi na. Likita yar rage shi don ta rayu. Ina za ki zuba tuwon mutum biyar cikin ludayi?"

"Wa ka yanke ciki lahiya lau?" in ji Inna. Sannan ta ce, "To hurad da nika aikawa, wa ka sha?"

Gwaggo ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Surukinki mana. Tahi Wurno ki ga tumbinai, kamar shi ad da gonar gero."

Ni ma dariyar ta kusa kama ni, sai na ga Inna ba ta yi ba. Ta rufe kwanon ta ajiye. Wata da watanni tana magana da ni, ashe ba ni ke ji ba. Da yamma ba ta aiko da komai ba, matar ƙanena ce ta kawo mini ruwan zafi. Na ji tsoro sosai ranar. Na samu gwiwoyina, na samu numfashina, amma in Inna ta daina ajiye mini kwano ban san abin da ya rage tsakaninmu ba.

Washegari da hantsi Gwaggo ta yafa mayafi ta ce za ta barka cikin Goronyo, ta kuma tattara matar ƙanena da 'ya'yanta ta ce su raka ta. Na bi ta zaure ina roƙo kada ta bar ni. Ta ce, "Ke, tun kina goye nika yi maku tahinta, na gaji. Ku ƙare can." Ta tafi abinta.

Gida ya rage daga ni sai Inna. Ta share tsakar gidan da aka riga aka share. Ta shiga madafa ta daɗe. Can sai ga ta da ɗan ƙoƙo, irin wanda ake ba yara kunu, ta ajiye gabana. Kifi ne, ta zare ƙayar ɗaya bayan ɗaya, ta marmashe shi cikin romo, babu mai ko ɗigo. Ta juya za ta gudu yadda ta saba. Ban san inda na samo ƙarfin halin ba, na ce, "Inna, zan daɗe hwa. Cewa anka yi in tauna sannu-sannu."

Ta tsaya. Da can in ta ajiye, kafin ta gama kewaye-kewayenta na cinye. Yanzu babu inda za ta je ta dawo ta tarar na gama. Ta jawo turmi ta kwantar ta zauna a kai, rabin bayanta gare ni, ta ɗauki faifan wake tana tsinta.

Na ci, na huta, na sake ci. Shirun ya yi yawa sai na fara surutu, ina kallon ƙoƙon. Na ce yanzu da ƙafa nake zuwa makaranta. Na ce an rage mini maganin suga. Na ce goshina yana taɓa ƙasa in ina salla, ranar farko ma da na yi sujada sai da na ƙi ɗagowa don daɗi. Hannunta ya tsaya a cikin waken.

"An ce hudawa anka yi," ta faɗa wa faifan.

Na ɗaga gefen rigata na nuna tabban, 'yan ƙanana, sun riga sun dushe. Na ɗauka ba za ta waiwayo ba. Ta waiwayo, ta matso da turmin, ta sa babban yatsanta a kan ɗaya ta ɗan danna, yadda take taɓa tuwo ta ji ko ya yi.

"Da zahi?"

"Babu, Inna. Ya warke."

Ta janye hannun. Na ƙara cokali biyu na ji na kai, na ajiye, fiye da rabi yana nan. Ta leƙa ƙoƙon, na ga bakinta ya motsa. "A ce ma…" ta fara, ta dubi tsakar gidan, babu wanda za a ce wa. Ta haɗiye sauran.

"Kin ƙoshi?"

"Na ƙoshi."

"Tsakaninki da Allah?"

"Tsakanina da Allah, Inna."

Ta ɗauki ƙoƙon. Na zaci madafa za ta kai. A wajenmu babba ke rage wa yaro, ban taɓa ganin uwa ta ci ragowar 'yarta ba, balle ta fari, balle a gabanta. Inna ta sa hannu ta cinye kifin nan tas, ta shanye romon, ta ce gishiri bai ji ba. Ni dai ina zaune, mace da 'ya'ya har da mai shirin aure, hawaye yana zuba ina dariya, na rasa wanda zan tsayar a cikinsu.

Ta kife ƙoƙon, ta goge hannu da gefen zani. Ba ta dube ni ba, amma da ni take.

"Gobe mi za ki iya ci?"

Na share fuska na ce wake, in ya dahu luguf.

Ta jawo faifan kan cinyarta ta ce, "Akwai wake."