Wankin da Sukundireba Ya Yi wa Kwamfutar Goggo

Tun yana rarrafe dangi suka sa masa Sukundireba, domin babu abin da zai shiga hannunsa ya fita da ƙusoshinsa cikakku. Rediyon gidansu ya kwance ta har ta koma kama tashar da babu ita a duniya. Da ya girma ya kama ɗan shago ƙarƙashin bene, mai faɗin tabarma ɗaya, ya cika shi da gawarwakin fanka da wayoyi, ya rataya madubin ido a wuya ko da yake idonsa garau. In ka kawo masa agogo, kafin ka gama sallama ya gano cuta uku, ya yanke hukuncin tiyata.

Goggonsa, ƙanwar babansa, tana da tsohuwar kwamfuta a kusurwar ɗaki. Marigayi mijinta ne ya bar mata ita. Kafin rasuwarsa ya kan zauna gabanta yana ɗaukar muryarsa, yana ba da labarin iyaye da kakanni, yana tsokanar Goggo a tsakiya, ita kuma ana jin ta daga kicin tana ramawa. Kullum bayan ta karya sai ta kunna, ta zauna tana tsintar shinkafa, tana amsa masa kamar yana nan.

Wata safiya kwamfutar ta ƙi. Tambarin kamfani ya fito a allo ya tsaya cak, ko ƙiftawa. Goggo ta aika aka kira Sukundireba.

Ya zo ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, ya girgiza kai kamar likitan da ya makara.

"Goggo, cuta ce ta shige ta. Sai an wanke ta."

"To ka wanke ta mana, ɗan nan. Ni ma na ga datti ya yi mata yawa. In kawo maka tsumma?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Tsumma! Goggo, bar wa masu aiki aikinsu."

A bakin masu gyara, wanki shi ne a share duk abin da ke cikin faifan ajiya, a bar shi fes. A kunnen Goggo kuwa goge-goge ne da hure ƙura. Shi bai fassara ba, ita ba ta tambaya ba.

Ya ciro faifan ya kai shago, ya jona a tasa na'urar. Bai ko leƙa ciki ba, wai kada cutar ta kama tasa. Ya share, ya zuba sabon tsari, ya dawo yana taku ɗai-ɗai. Ya mayar, ya kunna.

Tambarin ya fito. Ya tsaya cak.

Ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna, yana dannan maɓallai kamar mai kiɗa, har wani maɓalli ya jefa shi shuɗin shafin saiti, wanda ake kira bayos. Sai ya ga kwanan wata ya koma shekarar da ko gemu bai fara ba. Ɗan batirin da ke kan allon ciki, mai kamar maɓallin riga, shi ne ya mutu, saitin ya rikice, na'urar ta koma neman faifanta ta hanyar da ba ita ba. Layi ɗaya ya canza. Kwamfutar ta tashi sumul.

Ashe faifan lafiyarsa ƙalau tun farko.

Goggo ta jawo kujera, fuskarta cike da fara'a. "Allah Ya yi maka albarka. Sa mini wanda yake cewa shayina ruwan wanka ne."

Sukundireba ya shiga neman muryar. Ya buɗe nan, ya buɗe can, ko'ina wayam. Ya gwada duk dabarar dawo da abin da aka share, amma sabon tsarin ya riga ya hau kai. Abin da ya samu guntun sauti ne, tarin marigayin da rabin kalma. Ya kunna shi, Goggo ta ji.

"Goggo... wankin da na ce, har da abin ciki."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

"Wannan guntun fa, zai zauna?"

"Zai zauna, Goggo."

"To sake sa mini. Kuma ka matsa daga wurin, ka sa hannuwanka a aljihu."