Irin Shinkafarmu a Duron Yaya

Ƙarfe bakwai saura kwata na safe wayar ta shigo. Muna zaune a bakin rumfar da muka kafa a kan tudu bayan ruwa ya ci unguwarmu a gefen Haɗeja, ni da maiɗakina da ƙanena. Mijin yayata ne ya kira daga ƙauyensu a ƙasar Guri. Bayan gaisuwa ya ce 'yarsu ta sauka lafiya, jibi suna. Sannan ya ƙara da cewa, "Jar shinkafar nan da ka aiko bara ma ta yi rana. Jiya yayarka ta jiƙa ta, yau za a turara."

Na ce, "Kada a ɗora ta a wuta!" Amma wayar ta riga ta katse. Na yi ta kira, ba ta shiga.

Bari in faɗi ko wace shinkafa ce. Iri ce da muka gada daga mahaifinmu, a gida muna ce mata mai bin ruwa. Ana shuka ta a fadama da farkon damina. Idan kogi ya kawo, ruwa na hawa tana hawa, kanta yana sama. Ba ta da yawan amfani kamar sabuwar shinkafa ta noman rani, shi ya sa maƙwabta suka bar ta ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ban san kowa da ke noma ta ba sai ni. Mahaifinmu yana da doka: iri ba ya kwana a gida ɗaya. Duk kaka sai ya aika wa Yaya da buhu, ni ma na ci gaba bayan rasuwarsa.

A waccan shekarar abu biyu suka same ni a jere. Ruwan sama ya sauka da wuri, na shuka, ta tsiro, sai ya ɗauke. Rana ta ƙone ta ƙurmus. Ban tsorata ba, domin na ajiye rabin irin a rumbu. Can ƙarshen damina kuma kogi ya zo da ƙarfin da ban taɓa gani ba, ya kwantar da rumbun, ya tafi da abin da ke ciki. A rediyo suna cewa duniya ce ke ɗumama, fari da ambaliya za su riƙa zuwa ba tsari. Ni ilimina bai kai can ba, amma na ga su biyun a gonata cikin damina guda. Saura buhun Yaya. Shinkafa kuwa idan aka turara ta, ta zama abinci, ba za ta sake tsirowa ba.

Ƙanena ya tashi, ya ɗauko rabin buhun gyararriyar shinkafa da ya tsira da shi, ya ɗaure a bayan babur. Muka kama hanya. Inda ruwa ya yanke hanyar muka sa babur a kwalekwale. Ciyawar kachala ta toshe mashigin, mai jirgi yana tura gora, muna jan ciyawa da hannu. Ni dai idona yana sama, ina neman hayaƙi a saitin ƙauyen. Duk hayaƙin da na hango sai in ɗauka na murhun Yaya ne.

Gab da azahar muka shiga gidan. Ga duro a tsakar gida an rufe shi da buhu, ga duwatsun murhu an jera, ga mata 'yan taya aiki a inuwa. Babu wuta.

Yaya ta fito tana gyara ɗankwali. "Lale da sarkin tsari! Suna jibi, kai ka zo yau? Ko tuwon kake tsoron ya ƙare?"

"Yaya, shinkafar nan."

"Ko gaisuwa babu? Haka Baba ya koya maka?"

Na durƙusa na gaishe ta. Na tambayi mai jego, na tambayi jinjira, na yi barka. Ta ce, "Ya muka ji da ruwa?"

Bakina ya buɗe zai ce da sauƙi, kamar yadda na faɗa mata a waya tun ranar da ruwan ya shigo. Sai na tsaya. Na ce, "Ba sauƙi, Yaya. Gonar ta ƙone, rumbu ya faɗi. Irin Baba bai rage ko'ina ba sai a duron nan."

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Sau nawa na tambaye ka? Kullum da sauƙi, da sauƙi. Ai na ɗauka naka yana nan. Da jibi mun ciyar da gari gadonmu da miyar kuka!"

Na ce, "Da wane ruwa kika jiƙa ta?" Wasu matan da ruwan zafi suke jiƙawa, shi kaɗai ma ya isa ya kashe iri.

"Da na rijiya mana. Ina na ga itacen ɗumama duro guda? An sare dajin kaf, sai an je nesa. Mai itacen ma tun safe muke jiransa, wai amalankensa ya maƙale a laka. Na gama yi masa Allah-wadai ke nan ka yi sallama."

Ɗaya daga cikin matan ta ce, "To, sai ki janye, ki sa masa albarka."

Na zauna a kan turmi. Yaya ta miƙo mini ruwa a kofi, ta ce, "Sha, kada ka sume mana a gidan suna."

Daga nan muka bi aikin daki-daki. Muka tsiyaye ruwan, muka baza tabarmi a inuwa, don rana mai zafi tana fasa ƙwayar da ta jiƙe. Muka shanya ta ba kauri, ana juyawa. Ƙanena ya kwance tasa shinkafar ya ba matan. Wata ta ce, "Malam, kullum ka riƙa zuwa ƙwace irin wannan. Ka hutar da mu turare, ka hutar da mu surfe." Mai itace ya iso da la'asar yana ba da haƙuri, ya rasa dalilin da ya sa na kama hannunsa na ƙi saki.

Hankalina bai gama kwanciya ba, don ban san ko jiƙon ya ɓata ta ba. Da ta bushe na ɗebi tafi guda, na naɗe a ɗanyen tsumma, na ajiye a gindin randa. Ana cin tuwon suna ni ina leƙen tsumma, Yaya tana nuna ni ga baƙi tana dariya. Bayan 'yan kwanaki na buɗe, na ga fararen tsiro sun huda ƙwayoyin, kusan duka. Na yi hamdala, na kai mata ta gani.

Kafin in tafi na raba irin. Na bar mata kaso, na ba ƙanena kaso, na kai wani kason wurin surukina da ke kan tudu wajen Baturiya. Kowa na gaya masa a fili cewa wannan na shuka ne. Da damina ta zagayo na shuka nawa. Kogi ya sake hawa, ya shanye sabuwar shinkafa a gonakin da ke kusa da ni, tawa kuma ta bi shi sama. Maƙwabta biyu sun zo neman iri da kaka, na auna musu.

Kai mai karatu, idan akwai tsohon iri a gidanku, gero ne ko dawa ko wake, ina roƙonka ka raba shi a ƙalla gida biyu, ɗaya a kan tudu. Kuma ranar da naka ya salwanta, idan ɗan'uwa ya tambaye ka, ka gama gaisuwa, sannan ka gaya masa gaskiya kafin ya hura wuta.