Gurbin da Aka Yanka a Filastar Gwaggo Tela

An yanka wa Gwaggo Tela gurbi a filastar ƙafarta nesa da inda karayar take, aka yi ta jinyar lafiyayyen ƙashi.

Tun tana budurwa take taka keken ɗinki. Da ƙafar daman nan ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, ita ce kuma ta karye ranar da Gwaggo ta zame a matakalar shago. Aka sa filasta, ƙashin ƙauri ya ƙi haɗewa. Likita ya ce akwai na'ura mai tura sauti cikin ƙashi, sautin da kunne ba ya ji, yana zaburar da shi ya kama. Sharaɗi ɗaya ne: a yanka gurbi a filasta daidai karayar, a ɗora kan na'urar a wurin kullum.

Mai filasta ya ɗaga hoton ƙashin, ya riƙe shi ƙasa a sama, ya auna, ya yanka kusa da gwiwa. Karayar kuwa tana can wajen idon sawu.

Kowace safiya ƙanwarta ke tallabo ta zuwa asibiti. Ma'aikaciya ta shafa mai, ta ɗora, ta danna.

"'Yar nan, ni fa ban jin komai," in ji Gwaggo.

"Haka ake so, Gwaggo."

"To, Allah ya sa ƙashin ya fi ni kunne."

Ƙanwar ta ce, "Yaya, in dai halinki ya ɗauko, ba zai ji ba." Suka yi dariya, har da ma'aikaciyar.

Watanni suka shuɗe a haka. Da aka sake hoto, likita ya dubi hoton, ya dubi gurbin, ya ga ba a kan karayar yake ba. Bakin ƙashin ya riga ya daskare, kowane ɓari ya zauna shi kaɗai. Yanzu sai tiyata da ƙarfe, ga ta da ciwon suga, ana ta ɗaga ranar.

Masu kawo mata ɗinki sun kwashe yadinsu. Ta gwada taka keken da hagu, zare ya yi ta tsinkewa, ta rufe shi da tsohon zane. Ta ma daina tsokanar kowa.

Ku shugabannin asibitin nan, ku sa ranar tiyatar matar nan, kada ku ƙara ɗagawa. Sannan ku kira duk wanda mutumin nan ya yanka wa gurbi, ku duba ƙafarsa tun ƙashinsa bai daskare ba.